Yadda Ake Shigar da Buɗaɗɗun Kayan Karatu Cikin Jami'a

Jami'o'i da dama kan fara wannan aiki da babban taro. A gayyato baƙo mai jawabi, a kafa kwamiti, a buɗe shafin intanet da za a riƙa ɗora littattafai. Shekara na zagayowa sai a iske shafin da 'yan fayiloli ƙalilan da ba mai buɗewa, ɗalibai kuma suna nan inda aka bar su: littafin da aka ce su saya ya fi ƙarfinsu, laburare na da kwafi uku ga aji mai ɗaruruwan mutane, saura suna karanta kwafin kwafi wanda rabin rubutunsa ya dushe. Abin da ke jawo haka shi ne an manta da mutumin da hukunci ke hannunsa. Malamin da ke koyar da kwas shi ke cewa ga littafin da za a karanta, kuma in bai gamsu ba, duk takardar da hukumar jami'a ta sa wa hannu ba za ta sauya komai a cikin aji ba. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a fara da kwas ɗaya, a nuna sakamakonsa, sannan a nemi doka da rumbun ajiya da kasafin kuɗi.

Kyauta daban, buɗaɗɗe daban

Buɗaɗɗun kayan karatu, waɗanda za ku riƙa gani a intanet da gajeren sunan OER, su ne littattafai, takardun darasi, bidiyo, zane-zane da tambayoyin gwaji waɗanda ko dai wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ko kuma mai su ya sake su da lasisin da ya ba kowa izinin amfani da gyarawa da rabawa ba tare da biya ba. Sunan ya fito ne daga wani taro da UNESCO ta shirya a birnin Paris na Faransa a 2002, shekara guda bayan jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta saki kayan kwasa-kwasanta ga duniya. A Nuwamba 2019 ƙasashen da ke cikin UNESCO suka amince da takardar shawarwari a kan waɗannan kayan, wadda ta nemi a horar da malamai, a kafa manufofi, a kuma samar da hanyar da aikin zai riƙe kansa. Ku ajiye kwafinta, za ta yi muku amfani ranar da za ku shiga ofishin shugaban jami'a.

David Wiley, wani masanin ilimi ɗan Amurka, ya kawo ma'auni mai sauƙi, izini guda biyar: ka ajiye kwafi naka, ka yi amfani da shi, ka gyara shi, ka haɗa shi da wani, ka raba wa wasu. In ɗaya ya ɓace, abin bai gama buɗuwa ba.

A nan mutane da yawa ke zamewa. Littafin da aka tsinta a intanet an sauke ba a biya ko kwabo ba, yana nan da haƙƙin mai shi, domin a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne haƙƙin mallaka kan tabbata da zarar an rubuta abu, ko ba a yi rajista ba, ko ba a sa wata alama ba. Mujallun da laburare ke biyan kuɗinsu duk shekara, ɗalibi na karantawa kyauta, amma ranar da aka daina biya ƙofa ta rufe. Bidiyon YouTube ma, in mai shi bai zaɓi lasisin Creative Commons ba, iyakarku ku tura ɗalibai su kalla a can.

Lasisi: a nan za ku fi daɗewa

Yawancin waɗannan kayan na ɗauke da lasisin Creative Commons, ƙungiyar da aka kafa a 2001. Sigar lasisinta ta 4.0 ta fito a 2013, ita ce kuma ya kamata ku sa wa sabon aiki. Sharuɗɗa huɗu ake harhaɗawa su ba da lasisi shida. BY na nufin ka ambaci mai aikin, kuma yana cikin dukkan shidan. SA na nufin in ka gyara ka raba, ka sa wa naka irin lasisin da ka tarar. NC ya hana amfani na kasuwanci. ND ya yarda ka raba abu yadda yake, ya hana ka raba wanda ka gyara. Ban da waɗannan akwai CC0, inda mai aiki ya yafe haƙƙinsa baki ɗaya gwargwadon yadda doka ta yarda.

Duk abin da ke da ND a ƙarshen lasisinsa, ku iya ba ɗalibai su karanta, amma kada ku gina kwas a kansa. Fassara gyara ce. Sauya misalai gyara ne. Ranar da manhajar karatu ta canja, hannunku a ɗaure yake.

NC shi ne sharaɗin da malamai suka fi so, saboda yana kwantar musu da hankali cewa wani ba zai ci riba da guminsu ba. Sai dai yana da tarko: iyakar abin da ake kira kasuwanci ba ta fito fili a ko'ina ba. Shin maɗaba'ar jami'a na iya buga littafin ta sayar a kan kuɗin takarda da tawada? Shin jami'a mai zaman kanta na iya amfani da shi? A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2018, a shari'ar Great Minds da FedEx, cewa makaranta na iya biyan shagon kwafi ya buga mata kayan NC, amma wannan hukuncin ƙasa ɗaya ne. In malaminku ya nace sai NC, ku sa ya rubuta a shafin farko cewa ya yarda a buga a sayar wa ɗalibai a kan kuɗin bugu. Shawararmu dai ita ce CC BY ga duk abin da jami'a ta ɗauki nauyinsa, domin shi ne ke shiga ko'ina ba tare da rikici ba.

Wajen haɗa kaya ne ake yin ɓarna mafi yawa. Rubutu mai CC BY za a iya narkar da shi cikin aikin da zai fita da BY-SA ko BY-NC-SA. Amma ba za a narkar da rubutu mai BY-SA da mai BY-NC-SA a babi ɗaya ba, tunda kowannensu na neman a sa wa sabon aikin lasisinsa, kuma ba za a iya cika sharuɗɗan biyu a lokaci guda ba. Wannan na faruwa da wanda ya ɗebo sakin layi daga Wikipedia, mai BY-SA, ya gauraya da kayan MIT OpenCourseWare, masu BY-NC-SA. Mafita ita ce a bar kowanne a matsayin yanki mai zaman kansa, da lasisinsa a rubuce a ƙarƙashinsa, ko a sake rubuta ɗaya daga tushe.

Ambaton mai aiki na da gaɓoɓi huɗu: take, marubuci, adireshin da aka samo, da lasisi, sai a ƙara da faɗin gyaran da aka yi. Ga yadda yake kasancewa a ƙarƙashin zane: “An ɗauko daga littafin kaza, na wane, a adireshin kaza, ƙarƙashin CC BY 4.0. An sauya ma'aunai, an fassara rubutun cikin zanen.” Tun ranar farko ku buɗe tebur mai layi bakwai: lambar shafi, abin da aka ɗauko, mai shi, adireshi, lasisi, ranar ɗauka, gyaran da aka yi. Wanda ya bar wannan sai ƙarshe zai zauna da hotuna tamanin bai san inda rabinsu suka fito ba, dole a cire su.

Abu biyu kuma ku faɗa wa kowane malami kafin ya sa hannu. Lasisin ba ya janyuwa: malamin na iya daina rabawa, amma wanda ya riga ya karɓi kwafi yana nan da izininsa. Sannan ba ya iya buɗe abin da ba nasa ba. Takardun darasin da ya shekara goma yana koyarwa da su, sau da yawa cike suke da zane-zanen da aka kwafo daga littattafan kasuwa. A cikin aji doka kan yi sassauci, amma da zarar an ɗora a intanet da lasisin buɗewa, an shiga haƙƙin mawallafi. Sai an maye gurbin kowane zane da wanda aka samo a shafukan buɗaɗɗun hotuna irin Wikimedia Commons ko Openverse, ko a zana sabo.

Mutanen farko da kwas na farko

Ba ku buƙatar kwamiti mai mutum ashirin. Mutum biyar sun isa: malami ɗaya ko biyu da suka yarda don raɗin kansu, ma'aikacin laburare da zai ƙware a lasisi da nema, wani daga sashen kwamfuta ko cibiyar horar da malamai, wakilin ɗalibai, da babba ɗaya, shugaban tsangaya ko mataimakin shugaban jami'a mai kula da karatu, wanda zai buɗe ƙofa in an toshe. Ma'aikacin laburare shi ne ginshiƙi. Malamai kan tafi hutun bincike, ɗalibai kan gama su wuce, shi kuwa yana nan.

Ku nemi kwas na shekarar farko mai cunkoso: lissafi, kemistiri, fiziks, bayoloji, ƙididdiga, tattalin arziki. Dalili biyu ne. Gyara ɗaya na taɓa ɗaruruwan ɗalibai, kuma a waɗannan fannoni ne aka fi samun kammalallun littattafai buɗaɗɗu, tunda tushen ilimin iri ɗaya ne a ko'ina. Kwas na ajin ƙarshe mai ɗalibai goma sha biyar, ko fannin shari'a da ya dogara da dokokin ƙasa ɗaya, a bar shi sai gaba. In malamai da yawa ke raba kwas ɗin rukuni-rukuni da jarrabawa ɗaya, sai kun sami amincewar mai kula da kwas ɗin, in ba haka ba rabin aji zai karanta wani littafi a yi masa tambaya daga wani.

A mako na uku ko na huɗu na zangon da zai gabaci gwajin sabon littafin, ku raba wa ajin gajeriyar takardar tambaya, ba suna. Tambaya biyar: kana da littafin da aka ce a saya? In babu, da me kake karatu? A kan me ka fi karatu, waya, kwamfuta ko takarda? Kana samun intanet a inda kake kwana? Rashin littafi ya taɓa hana ka yin aikin da aka ba ka? Amsoshin nan su ne hujjarku a gaban majalisar sashe, kuma su za su gaya muku irin fayil ɗin da za ku shirya.

Nema da tantancewa

Kada ku fara da rubuta sabon littafi. Wannan aikin shekara ɗaya ne ko biyu, kuma shi ne ya fi kashe gwiwar masu farawa. A fara da ɗaukar wanda yake akwai, a bi da gyara, rubutu ya zo a ƙarshe inda aka ga giɓi.

OpenStax na jami'ar Rice a Amurka, wanda ya fara fitar da littattafai a 2012, shi ne wurin dubawa na farko ga kwasa-kwasan shekarar farko. Masana na duba littattafansa kafin a saki, kuma malamin da aka tabbatar da shi na samun amsoshi da kayan koyarwa. Open Textbook Library na jami'ar Minnesota na tattara littattafai tare da sharhin malaman da suka karanta su. LibreTexts na da ƙarfi a kimiyya, BCcampus na Kanada na da tarin littattafai da jagororin gyara, OER Commons da MERLOT kuma sun fi amfani wajen ƙananan kaya. Ga gwaje-gwajen fiziks da kemistiri a kwamfuta akwai PhET na jami'ar Colorado. OER Africa, da cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da TESSA mai kayan horar da malamai, sun fi kusa da yanayin jami'o'in Afirka. Ko'ina kuka je ku karanta lasisin kowane littafi da idonku, domin rumbu ɗaya kan ƙunshi lasisi iri-iri, bugu biyu na littafi ɗaya ma kan bambanta.

Idan kun tsayar da littafi biyu ko uku, malamin ya zauna da jadawalin kwas ɗinsa ya zana tebur: mako, maudu'i, babin da ya dace, hukunci. Hukuncin kalma ɗaya ce cikin uku: ya yi, sai an gyara, babu. A kwas ɗin ƙididdiga na mako goma sha uku, misali, za ka iya samun mako tara “ya yi”, uku “sai an gyara” saboda misalan duk na wasan besbol ne da mil da fam, ɗaya kuma “babu” saboda littafin bai taɓo hanyar da sashen ke koyar da ɗaukar samfuri ba. Wannan littafin ya cancanci ɗauka. In “babu” ya kai rabi, a nemi wani. Sannan malamin ya zaɓi babi biyu da ya san ɗalibai na shan wuya a kansu, ya karanta su layi-layi, ya yi tambayoyin ƙarshen babin da hannunsa ya gwada da amsoshin da aka bayar. Duba jerin babi-babi kaɗai ba tantancewa ba ce.

Akwai dabara da aka san jami'ar Minnesota da ita, kuma tana aiki: a kira malamai bita ta awa ɗaya ko biyu, a nemi kowa ya rubuta gajeren sharhi a kan buɗaɗɗen littafi ɗaya a fanninsa, a ba shi ɗan alawus na lokacinsa. Ba a tilasta wa kowa ya ɗauka. Gani ya kori ji: malamin da ke cewa kayan kyauta ba su da inganci, galibi bai taɓa buɗe ɗaya ba.

Gyara da shirya fayiloli

Ku ware aƙalla wata uku kafin zango ya fara. Ku sauko da fayil ɗin asali mai gyaruwa in akwai shi. Mayar da PDF zuwa rubutu mai gyaruwa kan wargaza tebura da alamomin lissafi. Manhajar Pressbooks na ba da damar kwafo littafi, a gyara, a fitar da shi a matsayin shafin intanet da PDF da EPUB daga tushe ɗaya. In babu shi, LibreOffice ko Word sun isa, masu lissafi kuma LaTeX.

Kurakurai uku ke maimaituwa a wannan mataki. A sauya lambobin tambaya a manta da amsar da ke bayan littafi. A cire babi na huɗu a bar “duba babi na huɗu” warwatse a sauran shafuka, lambobin zane kuma su rikice. A mayar da mil zuwa kilomita a cikin rubutu a bar shi a cikin jadawalin zane. Maganinsu ɗaya ne: wani malami daban, da ɗalibai biyu da suka riga suka ci kwas ɗin, su karanta kowane babi da aka taɓa.

Ɗalibin da ke karatu a waya ba ya jin daɗin PDF mai faɗin takarda, sai ya yi ta ja da yatsa hagu da dama. EPUB ko shafin intanet kan daidaita rubutu da faɗin fuskar waya. PDF kuma shi ne na bugawa. Ku ba da duka biyun, tare da fayil mai gyaruwa domin malaman wasu wurare. Ku raba littafin babi-babi, kowane fayil kada ya wuce kamar megabait biyar. Hotuna a rage su zuwa ɗigo 150 a inci ga na waya, a bar 300 ga na maɗaba'a. Bidiyo na cin data ba kaɗan ba: awa ɗaya a kan megabit 1.5 a daƙiƙa ya kai megabait 675, alhali muryar lakcar a kan kilobit 64 ba ta wuce megabait 29 ba. Don haka a yanka bidiyo minti shida zuwa goma, a haɗa da murya zalla da rubutaccen bayanin abin da aka faɗa. Inda intanet ke da rauni, manhajar Kolibri ko Kiwix a kan kwamfuta ɗaya a laburare na iya raba kaya ga wayoyi ta hanyar sadarwar cikin gida.

Kada a manta da ɗalibai makafi da kurame. Shafin da aka ɗauki hotonsa aka ɗora, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta ganin komai a cikinsa. Kowane zane na buƙatar gajeren bayani a rubuce, kanun babi a sa su da tsarin kanu na manhajar rubutu maimakon ƙara girman harafi kawai, kada launi kaɗai ya bambanta layuka a jadawali, bidiyo kuma ya zo da rubutu a ƙasa. Yin haka tun farko aikin mintuna ne a kowane shafi. Komawa a gyara littafi mai shafi ɗari biyar aikin makonni ne.

Zangon gwaji

A ranar farko malami ya nuna wa aji yadda ake sauke littafin, ya tsaya har kowa ya sauke babi na ɗaya. A jadawalin kwas a rubuta babi da shafin kowane mako. Tambayoyin gwaji da na jarrabawa su fito daga abin da ke cikin littafin, in ba haka ba ɗalibai za su gane cikin mako biyu cewa ado ne, su koma farautar tsofaffin takardu. A ajiye kwafi bugaggu a laburare, a kuma shirya da maɗaba'a ta buga wa mai so.

A ƙarshen zango ku auna abu uku: nawa suka sami littafin a makon farko, yadda cin jarrabawa da faɗuwa da janyewa suka kasance idan aka gwada da shekara biyu ko uku da suka gabata, da kuma kuɗin da aka rage wa ɗalibai. Wajen lissafin kuɗi ku yi gaskiya. Ninka yawan ɗalibai da farashin sabon littafi na kumbura adadi, tunda ba kowa ke saya ba. Ku yi amfani da kason da takardar tambayarku ta nuna suna saya, saura kuma ku ce ga adadin waɗanda da ba su da littafi yanzu suna da shi.

Kada ku yi alkawarin cewa maki zai tashi. Nazarce-nazarcen da John Hilton, wani mai bincike ɗan Amurka, ya tattara a 2016 sun nuna cewa galibi ɗalibai kan yi daidai da yadda suke yi da littafin kasuwa, wani lokaci su fi. Wani bincike a jami'ar Georgia ta Amurka a 2018, a kan ɗalibai sama da 21,000, ya sami ƙarin maki da raguwar faɗuwa da janyewa, musamman ga marasa ƙarfi. Amma ajinku ɗaya a zango ɗaya ba zai tabbatar da haka ba. Abin da za ku iya tsayawa a kansa shi ne kowa ya sami littafi daga ranar farko kuma karatu bai ragu ba.

Abin da malamai za su ce

“Ba ni da lokaci.” Gaskiya ya faɗa. A rage masa kwas ɗaya a zangon shiri, ko a ba shi ɗan tallafi da mataimaki daga ɗaliban digiri na biyu. Neman wannan aiki a kan nauyin da yake ɗauke da shi rashin adalci ne, kuma ba ya ɗorewa.

“Za a sace mini aiki.” Takardar da ke yawo a wayoyin ɗalibai ba suna ba kwanan wata ta fi sauƙin sata. Wadda aka ɗora da sunansa da lasisi da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba rubutu a intanet, tana da shaidar wanda ya riga.

“Littafin kasuwa na zuwa da tambayoyi da allunan lakca.” Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ita ce ke mayar da malamai baya a shekara ta biyu. Sashe ya haɗu ya gina rumbun tambayoyinsa, kamar tambaya ashirin zuwa talatin ga kowane babi, a zuba a manhajar koyarwa irin Moodle ko H5P. Tambayoyin atisaye a buɗe su ga kowa, na jarrabawa a kulle su ga malamai kaɗai.

Akwai kuma malamin da ke samun kuɗi daga littafinsa. Kada a mai da shi abokin gaba, kada kuma a fara da kwas ɗinsa. In jami'a na da hali, ta biya shi sau ɗaya ya saki littafin da lasisin buɗewa, a ci gaba da sayar da bugagge ga mai so.

Manufa, ajiya da kulawa

Bayan kwas biyu ko uku sun yi nasara, lokacin rubuta manufa ya yi. Shafi biyu sun isa. Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya ta amince da tata a 2016, ku karanta ta ku ga tsari. Tambaya ta farko da za ta amsa ita ce wa ke da haƙƙin kayan koyarwa, malami ko jami'a, domin a dokokin ƙasashe da yawa abin da ma'aikaci ya yi a bakin aiki na wanda ya ɗauke shi aiki ne, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Lauyan jami'a ya duba takardar ɗaukar aiki. Manufar ta faɗi lasisin da aka fi so, da wanda ke ba da izinin saki, da cewa aikin ɗalibi nasa ne kuma sai da rubutacciyar yardarsa, haka ma fuskarsa a bidiyo. Bayanan marasa lafiya da na waɗanda aka yi bincike a kansu ba sa shiga ko kaɗan.

Sakin layin da ya fi kowanne tasiri shi ne na ƙarin girma. Muddin kwamitin ƙarin girma na ƙirga maƙalun mujallu kaɗai, matashin malami ba zai ba da wata shida ga littafin ɗalibai ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. A rubuta ƙarara cewa buɗaɗɗen littafin da masana biyu daga wajen jami'a suka duba, yana da lambar ISBN ko DOI, yana da maki kaza.

Wajen ajiya, in laburare na da rumbu irin DSpace, a buɗe sashe a cikinsa maimakon gina sabon shafi. In babu, Zenodo, wanda cibiyar CERN ke gudanarwa, na karɓar fayiloli kyauta, ya ba da DOI, ya kuma riƙe tsofaffin sigogi. Kowane abu a cika masa take, marubuci, fanni, matakin aji, harshe, lasisi da shekara, domin da su ake samunsa a bincike. Kwafin da ke bayan kalmar sirri a Moodle, ko a ma'ajiyar intanet ta malami shi kaɗai, ko a zauren WhatsApp na aji, yana ɓacewa da tafiyar mai shi.

Ga ɗalibai kuma, a sa alama a jerin kwasa-kwasan rajista da ke nuna wanda ba ya buƙatar sayen littafi. Makon buɗaɗɗen ilimi da ake yi a duniya kowane watan Maris dama ce ta sa malaman da suka gwada su yi wa takwarorinsu bayani da bakinsu. In sashe ya yi nisa, ana iya haɗa kwasa-kwasan shiri guda gaba ɗaya, kamar yadda kwalejin Tidewater ta jihar Virginia a Amurka ta yi a 2013 da shirinta na harkokin kasuwanci wanda ɗalibi ke gamawa ba tare da sayen littafi ba.

Kowane littafi a rubuta sunan mai kula da shi a shafin farko, da lambar siga da kwanan wata, da adireshin ofis da za a aika kuskure. A tara gyare-gyare a yi su a dogon hutu. Sauya fayil a tsakiyar zango na rikita lambobin shafi tsakanin wanda ya buga da wanda ke karatu a waya, sai dai in kuskuren na iya ɓatar da ɗalibi, a nan a fitar da takardar gyara daban. Sau ɗaya a shekara a bi duk adiresoshin intanet da ke ciki a cire matattu, a sabunta alƙaluman da suka tsufa, a duba ko littafin asali ya fitar da sabon bugu. Idan mai kula zai bar sashen, shugaban sashe ya karɓi fayil mai gyaruwa da teburin lasisi da rumbun tambayoyi ya miƙa wa wanda zai gaje shi kafin a sallame shi.